Wasan Tabarma Mai Buɗe Bakin Yaro: Jagora Ga Iyaye Da Malaman Sakkwato

Ɗan ƙanwata ya haura shekara uku yana magana da yatsa. In ƙishi ya kama shi, sai ya riƙe gefen zanen uwarsa ya ja ta har gindin randa, ya nuna moɗa. Yana da kalmomi, amma ɗai-ɗai suke fitowa: ruwa, Inna, mota. A gidan kowa da abin da yake faɗi. Wasu suka ce nauyin baki ne na gado, ubansa ma sai da ya daɗe. Wata maƙwabciya ta ce linzami ne, a kira wanzami. Ni da na daɗe ina koyar da ƙananan yara a nan Sakkwato, abin da idona ya gani daban ne. Yaron ɗan fari ne, uwarsa na jin nauyin ta zauna tana hira da shi a gaban surukai, sauran mutanen gida kuma umarni kawai suke ba shi: zo nan, bari, tashi ka ba ni wuri. Ana yi masa magana daga safe har dare, amma babu mai jiran amsarsa.

Jiran nan shi ne abin da allon wasa ke kawowa gida. In an shimfiɗa allon ludo ko an haƙa gurabun dara, dole babba ya zauna ƙasa, idonsa daidai da idon yaro, ya yi nasa, sannan ya dakata har yaro ya yi nasa. Hira ma haka take tafiya, ni, kai, ni, kai. A shekarar 2018 masu bincike na jami'o'in MIT da Harvard a Amurka sun naɗi maganar cikin gida ta yara 'yan shekara 4 zuwa 6, suka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu yayin da suke sauraron labari. Suka tarar yawan karɓa-karɓar magana tsakanin yaro da babba ya fi yawan kalmomin da ake zuba masa alaƙa da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwa. Wannan karɓa-karɓar ce za mu gina.

Mataki na farko: a fara da kunne

Kafin ku sayi komai, kafin ku yanka kwali, ku tabbata yaron yana ji da kyau. Yaron da sauti ke zuwar masa kamar daga cikin rijiya ba zai kwaikwayi abin da bai ji sosai ba, ko da an shekara ana wasa da shi. Mu a nan muna cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla lokacin zafi, kamar yadda muka gani a 2017, kuma sanƙarau na barin wasu yara da raunin ji. Haka ƙyanda, haka hangum, haka shawara mai tsanani a kwanakin jego, haka kunnen da ke yawan zubar da ruwa.

Ga abin da za ku auna da shi. Yawancin yara kan faɗi kalmar farko wajen shekara 1. Zuwa shekara 2 sukan mallaki kalmomi kamar 50, su fara haɗa biyu, irin su "ba ni" ko "Baba mota". Zuwa shekara 3 jimla kan kai kalma uku ko fiye. Zuwa shekara 4 kuwa, baƙon da bai san yaron ba ya kamata ya gane kusan duk abin da yake faɗi. In yaronku ya yi nisa da wannan, ko ba ya waiwayowa in an kira shi a hankali daga baya, ko yana da kalmomi a da amma sun ɓace, ku kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku nemi a gwada jinsa. Namu yaron da aka duba shi an sami ciwo a kunnensa ɗaya, aka ba da magani, sannan muka fara wasan.

Maganar linzami kuwa, ina roƙonku kada ku yi gaggawar kai aska bakin yaro. Ɗaurewar ƙasan harshe na iya taɓa furucin wasu sautuka, amma ba ita ke hana yaro tara kalmomi ko haɗa jimla ba. Likita ya fara gani. In kuma gwaji ya nuna yaron kurma ne, ba a rufe masa ƙofar harshe ba. Maganar hannu harshe ce cikakkiya, akwai makarantar A.A. Raji ta yara masu buƙata ta musamman a cikin gari, kuma kusan duk wasannin da zan kawo ana iya yin su da hannu.

Mataki na biyu: ku saurara kwana uku, ku zaɓi abu ɗaya

Ku ɗauki ɗan littafi, ku rubuta abin da yaro ya faɗa daidai yadda ya faɗe shi, na tsawon kwana uku. Kada ku gyara a rubuce. A ƙarshe za ku ga inda gizo ke saƙa. Wani kalmomi ne suka yi masa ƙaranci. Wani yana da kalmomi amma ba ya haɗa su. Wani bakinsa kamar kanari, sai dai tsamin baki ya hana a gane shi, yana cewa "luwa" ko "yuwa" maimakon ruwa. Wani kuma in an ce ya ɗauko moɗa ya sa a kan randa, rabin saƙon yake riƙewa. Ku zaɓi ɗaya tak, ku bi shi mako biyu ko uku. Wanda ya ce zai gyara komai a zama ɗaya, yaron ne zai tashi ya bar masa tabarmar.

A nan akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sakkwatanci ba tsamin baki ba ne. Yaron da ya ce "hwari" ko "tahi", ko ya ce "sunka zo", "mi na wanga", "ɗiyan makaranta", bai yi kuskure ba. Harshen gidansu ya kama, kuma ya kama shi daidai. Na sha ganin malami ya tsayar da yaro gaban aji yana tilasta masa "fari", har yaron ya daina ɗaga hannu gaba ɗaya. Daidaitacciyar Hausa ta littafi zai koye ta a kan lokaci, ya riƙe biyun. Ma'aunin kuskure shi ne yadda manyan gidansu ke furtawa. Haka kuma gidan da ake Fulatanci ko Zabarmanci tare da Hausa, harshe biyu ba ya jawo nauyin baki. In za ku ƙirga kalmomin yaro, ku haɗa na harsunan duka, kuma ku yi wasan da harshen da ya fi zama a bakinku.

Mataki na uku: allon da babu ƙwayar jefawa

Na san gidaje da yawa a garin nan ba a shiga da ludo, kuma da dalili. Akwai hadisi a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da ya hana wasan nardu, wato wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo, kuma malamai da dama suna sa ludo ƙarƙashinsa. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi nasa. Ni dai hanyar da nake bi ba ta buƙatar ƙwayar sam, kuma na ga hakan ya fi amfani ga abin da muke nema. In ƙwaya ce ke tafiyar da wasa, yaro na iya gama shi bai ce uffan ba sai ihun "siki!" In aka cire ta, magana ce za ta zama abin da ke motsa ɗan wasa.

Ku nemi kwalin taliya ko na sabulu a shagon unguwa, ku buɗe shi ya zama shimfiɗa. Ku zana hanya mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ku raba ta gida-gida. Ga ɗan shekara uku gida 15 ya isa, ga ɗan shekara biyar ku kai 30. Farkon hanya ƙofar gidanku ce. Daga nan ku sa wuraren da yaron ya taɓa gani da idonsa: masallacin unguwa, mai ƙosai ta bakin layi, Babbar Kasuwa, Fadar Sarkin Musulmi, Hubbare, kasuwar Kara da awakinta, filin wasa na Giginya, gadar Kwalkwalawa da masu wanki a bakin ruwa. Ƙarshen hanya gidan Kaka, ko a Wurno take ko a Bodinga. Zanen ba sai ya yi kyau ba. In kun ce wannan da'irar Hubbare ce, yaro zai yarda, gobe ma shi zai tuna muku.

'Ya'yan wasa kuwa, marafan robar lemo masu launi daban-daban sun wadatar. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, ko in akwai mai rarrafe a kusa, ku yi amfani da abu babba kamar gwangwanin tumatir maras kaifi. Ƙwallon dabino da tsakuwa da wake suna ƙarewa a hanci ko kunne ko maƙogwaro.

Sai katuna. Ku yanka kwali kamar faɗin tafin hannu, guda 20 zuwa 30, kowanne da hoton abu ɗaya: ku zana, ko ku yanko daga tsohuwar kalanda da ledar kaya. Raƙumi, albasa, akuya, fura, ƙwai, kankana, jaki, kabu-kabu, buta, kadangare. Ku kife su a faifai.

Ga dokar wasan. Wanda layi ya zo kansa ya ɗauki kati, ya faɗi sunan abin, sannan a tafa gaɓoɓin kalmar tare. Yawan tafi shi ne yawan gidajen da zai taka. Ƙwai, tafi ɗaya, gida ɗaya. Fu-ra, gida biyu. Ra-ƙu-mi, gida uku. Ka-dan-ga-re, gida huɗu. Hausa ta dace da wannan ƙwarai domin gaɓoɓinta a fili suke, kuma yaron da kunnensa ya saba rarraba kalma gaɓa-gaɓa ya sami tsanin farko na karatu tun kafin ya riƙe fensir. Ba a daɗewa yara ke gane cewa doguwar kalma ta fi riba. Ranar da ɗalibata 'yar shekara biyar ta ɗauki hoton jaki ta ce ita "jakin mai ruwa" ta gani, don ta sami tafi biyar, ban hana ta ba. Abin da nake nema ke nan tun farko.

Mai allon ludo a gida, ya juya bayansa. Galibi akwai maciji da tsani a can, wasan da asalinsa daga Indiya yake kamar ludon kansa, kuma yana tafiya da katunan nan lafiya lau. Gida 100 ya yi wa ƙaramin yaro yawa, don haka ku tsaya a 30.

Mataki na huɗu: yadda babba zai riƙe bakinsa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne muka fi kuskure. Allon da katunan duk dalili ne kawai na zama. Abin da ke gina harshe shi ne yadda babba ke amsawa.

Bari in kawo zama ɗaya kamar yadda na gan shi. Mahaifiyarmu ce ta karɓi wasan, tunda tsakanin kaka da jika babu kunya, sai tsokana. Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro. Yaron ya ɗauki kati.

"Maigida, mi kag gani?" in ji ta. Sai ta yi shiru, tana kallonsa, gira a ɗage.

Na ƙirga a zuciyata har bakwai. Bakina na ƙaiƙayi in faɗa masa.

"Akuya," ya ce.

"Akuya ta! Akuya ja wur. Mu tahwa mata." Suka tafa uku, ya tura marfinsa, ya sauka a Kara.

"Ina akuya za ta?"

"Kara."

"Akuya za ta Kara. Allah shi kai ta lahiya."

Da nata layin ya zo, sai ta ɗauki marfinta ta yi baya da shi da gangan. Yaron ya zabura ya riƙe mata hannu: "A'a Kaka! Gaba! Yi gaba!" Kalma biyar a jere, daga bakin da jiya yatsa ke yi wa aiki.

Abubuwa huɗu ta yi a wannan ɗan zaman, kuma su nake so ku ɗauka. Ta jira. Yaro mai koyon magana na buƙatar daƙiƙa biyar zuwa goma kafin ya lalubo kalma, mu kuwa da mun ji shiru sai mu cike masa. Ku ƙirga a zuci, ku hana yayyensa su amsa a madadinsa, domin a gidan yawa wannan shi ne babban abin da ke rufe bakin ƙarami.

Ta ɗora kaɗan a kan abin da ya faɗa. Ya ce kalma ɗaya, ta mayar masa da biyu ko uku. In ya ce biyu, a mayar masa da uku ko huɗu. Ba a tsallake masa da doguwar jimla, kamar yadda ba a ɗora wa ɗan jaki buhun gero.

Ba ta ce "sake faɗi" ba. In yaro ya ce "laƙumi", kada ku ce ba haka ba ne. Ku ce, "I, raƙumi! Raƙumi dogo," ku ɗan ja sautin da ya kuɓuce masa, ku wuce. Ya ji daidai, kuma bai ji kunya ba. Yaron da ake yawan tsayarwa yakan gane cewa shiru ya fi masa sauƙi.

Sannan ta yi kuskure da gangan. Wannan dabara ce mai ƙarfi. Ku ɓoye marfinsa a tafin hannu ku jira ya nema. Ku ɗaga hoton jaki ku ce doki ne. Ku tsallake layinsa kamar kun manta. Babu yaron da zai ga ana cin haƙƙinsa a wasa ya yi shiru.

Zan ƙara biyu daga aji. In ya kasa samo kalma, ku ba shi zaɓi maimakon amsa: "Albasa ce ko kankana?" Kuma ku rage tambaya. "Mene ne wannan, mene ne wancan" a jere jarrabawa ce, ba hira ba. A kan kowace tambaya ɗaya ku yi bayani uku ko huɗu na abin da ke faruwa: "Na hau tsani. Wayyo, maciji ya haɗiye ni. Na sauko ƙasa."

Minti 10 zuwa 15 ya isa, sau huɗu ko biyar a mako, kuma ku tashi tun yana marmari. A kashe rediyo da talabijin, a kife waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Waya na magana, amma ba ta jiran amsa.

Mataki na biyar: kura da ƙura

Ga mai tsamin baki, ku yi katuna bibbiyu na kalmomin da sauti ɗaya ne ya raba su: kura da ƙura, kaya da ƙaya, baki da baƙi. Ga ts kuma, sara da tsara, ko ku tara hotunan tsaka, tsani, tsintsiya, tsuntsu.

Kunne ake fara horarwa kafin harshe. Ku ajiye hoton kura da na ƙura gabansa, ku ce "taɓa ƙura". In ya taɓa daidai, ya taka gida biyu. Sai ya ƙware a ji, sannan ku juya: shi zai faɗa, ku ku taɓa. In yana nufin ƙaya ya ce "kaya", ku taɓa hoton kaya da gaskiyarku. Zai ce ba wannan ba, ya sake ƙoƙari da kansa, domin ya ga cewa sautin na canja ma'ana. Ku zauna inda zai ga bakinku, ko ku kawo madubi ku duba tare.

Kada ku matsa a kan ra. Hausa na da ra iri biyu, ta "ruwa" da ta "tara" ta lissafi, kuma suna cikin sautukan da yara ke kamawa a ƙarshe. Ɗan shekara huɗu mai cewa "luwa" bai makara ba. Ga 'yan shekara shida zuwa sama, ku sa gida ɗaya a allo na karya harshe, wanda ya sauka a kai ya kawo zancen ƙato da kwaɗo da suka tafi ƙoto. Dariyar da ake yi a wurin ta kowa ce, har da babba in ya sarƙe.

Mataki na shida: daga kalma zuwa jimla

Jam'in Hausa ba ya bin hanya ɗaya, sai an ji shi an sake ji: akuya awaki, doki dawaki, tunkiya tumaki, kaza kaji, dutse duwatsu. Ku rubuta lamba a wasu gidaje. Mai hoton akuya da ya sauka a gida mai 3 sai ya ce "awaki uku". In ya ce "akuyoyi", ku yi murna a zuci, domin alama ce ya fara gano ƙa'ida yana gwada ta, sannan ku mayar masa: "I, awaki uku."

Maciji da tsani kuwa kamar don aikatau ɗinmu aka yi shi. Hau da hawo, sauka da sauko, tafi da taho, kai da kawo. Ku zauna a ƙarshen allo ku ce "taho gare ni", sannan ku koma farkonsa ku ce "tafi can". A gidan Babbar Kasuwa a tsaya a yi ciniki: wanda ya sauka shi ne mai saye, na kusa da shi mai sayarwa. Sallama, nawa ne, albarka, rage mini, na saya, ga canji. Yaro ya koyi gaisuwa da ladabin magana da lissafi a zama guda. Launukan marafan ma kada a bar su haka: ja wur, kore shar, baƙi ƙirin, fari fat.

In an kai gidan Kaka, kada a naɗe tabarma tukuna. Kowa ya jera katunan da ya ci, ya ba da labarin tafiyarsa: da farko, sannan, daga nan, a ƙarshe. "Da farko na hau raƙumi, sannan na sayi albasa, daga nan kadangare ya tsorata ni." Wanda ya iya jera labari haka, shi ne gobe zai iya faɗa muku abin da ya same shi a makaranta daki-daki, kuma wannan kariya ce gare shi.

Mataki na bakwai: shamaki, dara da manyan yara

Daga shekara biyar zuwa sama ku gwada wasan shamaki. Ku zana allo biyu iri ɗaya, kowanne gida tara, ku ba kowa marafai iri ɗaya, ku tsayar da faifai ko babban littafi a tsakani yadda ba mai ganin na wani. Ɗaya ya jera nasa yana bayani: "Sa ja a tsakiya. Sa kore a samansa. Sa fari a hannun hagu na ja." A ƙarshe a ɗage faifai a gani ko sun yi daidai. Yatsa ba shi da amfani a nan, "can" da "nan" ma ba su da amfani. Ku koya wa mai sauraro ya ce "ban gane ba, sake faɗi", domin yara da yawa a aji sun gwammace su yi kuskure da su furta wannan.

Sai dara, wadda ba ta buƙatar ko sisi. Gurbi 30 a ƙasa, layi 5 na gurbi 6, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Ana dasawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an jera uku ba, sannan a shiga matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗan abokin karawarsa. Kowace unguwa da 'yan bambance-bambancenta, ku bi na dattijon gidanku. Doka ɗaya kawai nake ƙarawa: kafin ka taɓa ɗa, faɗi abin da za ka yi, bayan an gama kuma faɗi dalili. "In na matsa wannan, zai toshe ni, shi ya sa na bi ta baya." In, da, domin, amma, shi ya sa: waɗannan su ne kalmomin tunani, kuma dara na jawo su da kanta. A nan ne ma yaro zai ga da idonsa abin da ake nufi in an ce dara ta ci gida.

Masu karatu kuma ku yanka musu ƙananan katunan gaɓa, ba, ka, ra, ƙa, tsa, ɗa, su riƙa haɗa kalmomi irin na Scrabble, wasan jera haruffa su zama kalma, amma da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ ɗinmu waɗanda babu su a na kanti. Ku gaya musu ɗan Nijeriya, Wellington Jighere, shi ya zama zakaran duniya a wannan wasa a 2015 a birnin Perth na Ostareliya, ɗan Afirka na farko da ya kai haka. A wasu gidajen allo ku sa kacici-kacici. Wanda ya sauka a kai a ce masa "shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya", in ya ce tsintsiya ya ƙara gida biyu, in ya kasa ya ba da gari. Daga baya shi zai ƙirƙiro nasa a kan katin da ke hannunsa, ya siffanta abin ba tare da ya ambaci sunansa ba.

Mai in'ina, da mai kuka in an ci shi

In'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, kuma mafi yawan yara kan rabu da ita. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuma laifin uwa ba ne. A wurin wasa, ku cire duk wani abu na gaggawa, ban da "yi sauri", ban da gidan karya harshe. Kada a ƙarasa masa kalma, kada a ce "numfasa" ko "yi a hankali". Ku ne za ku rage saurin maganarku, ku riƙe idonku a kansa har ya gama, ku amsa abin da ya faɗa ba yadda ya faɗe shi ba. Ku kafa dokar cewa mai riƙe da faifan katuna shi kaɗai ke magana. Duk wanda ya kwaikwaye shi ya bar tabarma a ranar, ko yayansa ne. In ta wuce wata shida, ko kun ga yana matse fuska yana gudun magana, ko akwai masu ita a dangi, ku nemi likitan yara ya haɗa ku da masanin gyaran magana.

Kukan faɗuwa kuma, ga 'yan shekara uku da huɗu, maganinsa a daina karawa da juna. Ku sa marfi ɗaya baƙi a matsayin kura, tana taka gida ɗaya bayan kowane zagaye, ku kuma duka kuna tura marfi ɗaya don ku riga ta isa gidan Kaka. Yanzu kowa na ba kowa shawara, magana ta ƙaru. In sun girma a koma karawa, a koya musu "barka, ka ci" da "gobe ni zan ci". Ko alawa kada a sa a matsayin abin ci, kada wasa ya ɗauki kamannin caca, kuma da an kira salla a kife allo.

Bayan mako uku ku sake ɗaukar littafin nan ku rubuta maganarsa ta kwana uku, ku gwada da ta farko. In jimla ta ƙaru da kalma ɗaya, an ci gaba, ku zaɓi abu na gaba. In wata uku ya wuce babu motsi, ku koma asibiti da littafin a hannu, zai taimaki likita fiye da "ba ya magana sosai". Ku riƙa sauya katuna da abin da ke faruwa a gida: lokacin azumi a sa ƙosai da kunu da dabino, da damina a sa garma da kwaɗi da gero, da babbar salla a sa rago da wuƙa da tukunya.

Ɗan ƙanwata yanzu yana aji ɗaya. Kwalin farko ya daɗe da yagewa, shi ya zana sabo da hannunsa, ya ƙara gidan mai gyaran keke da ba mu sa ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga gidan na tarar ya zaunar da ƙanwarsa 'yar shekara biyu da rabi a tabarma, ya ɗaga mata hoton kaza. Na buɗe baki zan taya ta, sai ya ɗaga mini hannu: "Gwaggo, dakata. Ita za ta hwaɗi."